Direban Da Ba Shi Da Mota

Edita ya ce kowane ɗalibi da ya komo daga koyon koyarwa ya rubuto abin da ya fi tsaya masa a rai. Na san 'yan'uwana za su ba da labarin yara masu ƙiriniya, da alli da ya ƙare, da mai duba aiki da ya faɗo aji ba sallama. Ni nawa labarin na hasara ne, kuma ni na jawo ta da hannuna. Na daɗe ina jin kunyar faɗi, amma da ya ke hasarar nan ita ta kai ni ga wani fannin ilmi wanda a da ban san da zamansa ba, na ga gara in faɗa, ko wani ya tsira da nasa.

Ni mutumin ƙasar Karasuwa ne. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Jajimaji, a kan hanyar da ta tashi daga Nguru ta nufi Gashuwa. A makarantar mishan na yi firamare, can kuwa aka hore mu da tsabtar rubutu da adana takarda. Malaminmu na aji huɗu ba ya yarda a yage ko warƙa ɗaya daga littafi. Da wannan hali na ke alfahari har na shigo Kwaleji. To, ga mai alfahari da adana takarda, sai ga shi ya zubar da aikin mako biyu cikin ƙiftawar ido.

Ga yadda abin ya faru. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, hedimasta na makarantar da aka tura ni ya ɗora mini makin aji biyar da na aji shida. Na ari wata tsohuwar kwamfutar cinya wurin wani abokina. Makin lissafi da na rubutu suna kan takardun amsa, amma na karatu a bayyane ba su da takarda: yaro ya miƙe ya karanta, ni kuwa in buga makinsa kai tsaye cikin kwamfuta. A ganina wannan ita ce wayewa. Ran da zan tafi Gashuwa in buga sakamakon a takarda, ran nan ne abokin nawa zai wuce Kano, ya kuma ce kada in bar masa kome nawa a ciki, domin sayar da ita za shi yi. Sai na sa filash, na ɗauke fayil ɗin ɗungum na mai da shi ciki. Ɗan layin nan da ke tafiya a fuskar kwamfuta ya cika, ya ɓace. A waje mota na ta ham, yaron mota na kiran, "Gashuwa, saura mutum ɗaya!" Na fizge filash na jefa aljihu, na miƙa wa abokina kayansa, muka yi sallama.

A Gashuwa mai shagon buga takardu ya sa filash, ya duba, sa'an nan ya dube ni. Ya ce, "Malam, sunan fayil na nan, amma ba kome a cikinsa." Na ce ya sake dubawa. Sai ya juyo mini fuskar kwamfuta. Ga suna, ga kwanan wata, girmansa kuwa sifiri. Kamar mutum ya buɗe rumbu ya tarar da shaidar da ya yi a bakinsa tana nan daram, amma a ciki ko zangarniya ɗaya babu.

Makin takarda na sake tattara su cikin dare uku da fitilar waya. Na karatu kuwa tilas na sake kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya samu sai wata yarinya ta aji shida, wadda ta fi kowa karatu a karon farko. Iyayenta sun riga sun tafi da ita fadama wajen yankan shinkafa. Na tuna ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma makin ya ɓace mini. Na so in sa mata abin da na ga ya dace, hedimasta ya ce, "Ɗana, abin da ba ka da shi a rubuce kada ka ƙaga." Aka ja layi a gurbin makinta, ta sauko daga sahun gaba, ba da laifinta ba.

Da muka komo Kwaleji na tafi wurin Malaminmu na ɗakin kwamfuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ta yi mini ƙarya." Ya saurari labarin duka bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ba ƙarya ta yi maka ba, alkawari ta yi, kai ka hana ta cikawa. Ka san direba?" Na ce na san da yawa, har ma wani ne ya matsa mini da ham ran nan. Ya yi dariya, ya ce ba wannan ba, akwai wani direba wanda ba shi da mota, a hannunsa kayana su ke lokacin da na fizge filash.

Abin da ya bayyana mini ran nan, da abin da na karanta daga baya, shi zan yi ƙoƙarin faɗi da Hausa.

Manhajar da mu ke rubutu da ita ba ta taɓa filash ko faifai da kanta. A ƙarƙashin manhajoji duka akwai wata wadda ke riƙe da mulkin na'ura, ita ke raba wa kowa lokaci da wuri. Turawa na kiranta kanal, ma'anar kalmar kuwa ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ƙwayar gyaɗa bayan an ɓare. Windows na da tata ƙwaya, Linux ma ƙwaya ce, ita ce kuma ke cikin wayoyin Android da ke aljihunmu. To, amma ƙwayar nan ba ta jin yaren kowace ma'ajiya, domin ma'ajiyoyi iri iri ne, kowane kamfani da nasa. Saboda haka a kan rubuta wa kowane iri wata 'yar manhaja da ke tsayawa tsakani, ita ce direba. Da ni aka tambaya, da tafinta na sa masa suna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Nguru ya ga dillali yana juya magana tsakanin Bafulatani da Bamange ya san aikin. Ƙwaya magana biyu ta fi yi: karanto mini daga wuri kaza, ko rubuta wannan a wuri kaza. Direba shi ke mai da wannan zuwa yaren na'ura, ya kuma dawo da amsa.

Tsarin nan ba sabo ba ne. Masu Unix, watau Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka fara aikinsu a Amurka cikin 1969, sun raba na'urori gida biyu. Akwai masu ba da harafi ɗaya ɗaya, kamar madannin rubutu, akwai kuma masu ba da kaya a dunƙule, su ne ma'ajiyoyi. Ma'ajiya kamar mai awon gero ce, ba ta sayar da ƙwaya ɗaya sai kwano. Kwanonta shekara da shekaru bayit 512 ne, sababbin faifai kuma 4096. In kana so ka sake harafi ɗaya tak, sai an ɗebo kwanon duka, an gyara, an mayar. Kowane kwano da lambarsa, direba kuwa lambobin nan kaɗai ya sani. Bai san sunan fayil ba, bai san ko makin yara ne ko hoton biki ba. Littafin da ke riƙe da sunaye, wanda ke cewa fayil kaza yana kwano kaza da kaza, wani sashe ne dabam na ƙwaya ke kula da shi, shi ma kuwa a cikin filash ɗin a ke rubuta shi. Nan na gane abin da na gani a Gashuwa. An riga an shigar da suna cikin littafi, kayan ne ba su iso ba.

To, don me a ke jinkirta kayan? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, amsarta kuwa sauri ne. Kwamfuta tana da wani wurin aiki da a ke kira ram, wanda ya yi kama da allon aji: rubutu a kansa nan da nan ne, amma da wuta ta ɗauke an shafe shi. Ma'ajiya kuwa nawa gare ta. Faifan da ke juyi 7200 a minti yana bukatar fiye da kashi 8 cikin 1000 na sakan kafin ya zaga sau ɗaya, a wannan ɗan lokaci kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta iya yin aiki miliyoyi. In za ta tsaya jiran kowane kwano ya shiga, da ba wanda zai iya haƙurin aiki da ita. Saboda haka ƙwaya ta kan karɓi kayanka ta ajiye a ram, ta ce maka an gama, sa'an nan daga baya ta miƙa wa direba a tare. A Linux, in ba a sake tsarin ba, kaya na iya zama a ram har wajen sakan 30. Ɗan umarnin nan na cire filash lafiya, wanda mu ke rainawa, ma'anarsa ke nan: a kwashe duk abin da ya rage a shigar, a kuma jira na'ura ta ce ya shiga.

Da na je gida hutu na ba kakana labarin nan a taƙaice, ban zaci zai gane ba. Ashe ya riga ni sani. Shi ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru a zamanin ƙuruciyarsa, lokacin da gyaɗa da ƙaro ke tafiya Kano ta layin dogon da ya iso garin cikin 1930. Ya ce, "Jikana, ai wannan aikin akawu ne. Buhu ya hau sikeli, akawu ya rubuta, ya ba mai kaya rasit, mai kaya ya tafi yana murna. Buhunan kuwa suna nan jibge a baranda, sai an tara da yawa mu kwashe zuwa sito gaba ɗaya, domin ba a buɗe sito don buhu guda. Lokacin gyaɗa ba ruwa a ke tsoro ba, ɓarayi ne da awaki. In wani abu ya sami buhu a baranda, littafi ya ce akwai, sito ya ce babu." Na tambaye shi wa a ke kamawa in haka ta faru. Ya ce lebura mana, wa ka taɓa jin an kama akawu?

Akwai wata dabara kuma da ke cikin tara kaya, ita ce ta fi ba ni sha'awa. Faifan kwamfuta irin na da yana kama da na garmaho, akwai hannu mai kai kamar allura wanda ke kai da komowa a samansa. Na farko da aka sayar, na kamfanin IBM cikin 1956, faifai 50 ne a jere, kowane faɗinsa inci 24, duka kuwa harafi miliyan 5 su ke ɗauka, abin da hoto ɗaya na wayar yau zai iya cinyewa. Tafiyar hannun nan ita ce ta fi cin lokaci. To, a ce mota ta tashi daga Nguru, wani a Gashuwa ya kira, bayansa wani a Jajimaji, bayansa wani a Gashuwa kuma. Direban da zai bi su bisa ga wanda ya fara kira, mai zai ƙare masa a hanya. Mai hankali ya kan miƙe gabas yana ɗaukar duk wanda ya tarar, in ya kai ƙarshe ya juyo yamma. Haka ƙwaya ke jera bukatu bisa ga lambobinsu, ta kuma haɗe waɗanda ke maƙwabtaka su zama ɗaya. Turawa sun sa wa dabarar sunan na'urar hawa bene, don ita ma haka ta ke yi.

Amma ƙwazo irin wannan yana da zalunci a cikinsa. In dabarar ta zama ɗaukar na kusa kullum, fasinjoji kuma suna ta fitowa kusa da inda motar ta ke, wanda ke can nesa sai ya kwana a bakin hanya. Don haka masu Linux suka yi wani tsari mai wa'adi. Bukatar karatu ba a so ta wuce rabin sakan tana jira, ta rubutu kuma sakan 5. In wa'adi ya cika, a bar kome a je a ɗauko ta. An fifita karatu ne domin mai karatu yana zaune yana jira, mai rubutu kuwa an riga an ba shi rasit ya tafi. Da na karanta wannan sai na tuna da yaran bayan aji, waɗanda ba sa ɗaga hannu, malami kuwa ya yi mako bai kira sunansu ba domin na gaba sun fi saurin amsa. Amma bari in bar wannan, Malaman koyar da dabarun koyarwa sun fi ni saninsa.

Abin mamaki, hikimar nan duk ta kusa zama tarihi. Filash da memori na waya ba su da faifai, ba su da hannu. Wani injiniya Bajapane, Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba, shi ya ƙago irin ma'ajiyar nan cikin shekarun 1980. A wurinta kwano na farko da na ƙarshe duk nisansu ɗaya. Nata ciwon dabam ne: ba a rubutu a kan rubutu sai an shafe wani babban yanki gaba ɗaya, kowane yanki kuma yana da iyakar shafewar da zai jure kafin ya mutu. Saboda haka a cikin kowane filash akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke yawo da kaya daga yanki zuwa yanki don kada wani ya riga wani tsufa, direba ma bai san tana yi ba. Da aka fito da ƙa'idar NVMe cikin 2011, ma'ajiya ta sami ikon karɓar layuka dubbai a lokaci guda, alhali tsohuwar hanya layi ɗaya ce mai ɗaukar umarni 32. Layi ɗaya da ke cikin ƙwaya sai ya zama shi ne ƙofar da ake cunkoso a bakinta. Cikin 2014 Linux ta shigo da tsari mai layuka da yawa, cikin 2019 kuma aka cire tsohon gaba ɗaya. A irin ma'ajiyoyin nan masu sauri sau da yawa ba a jera kome, a kan miƙa bukata yadda ta zo.

Da Malam ya ga na nace, sai ya ce karatu ya isa haka, in rubuta direba da kaina. Aikin da ya ba ni ƙarami ne: in yanki wani wuri a cikin ram in sa ƙwaya ta ɗauka faifai ne. Da yaren C a ke rubutawa. Ya kafa mini sharaɗi ɗaya, kada in gwada a kan kwamfutar Kwaleji kai tsaye, sai a cikin wata kwamfuta ta kwaikwayo da a ke tayarwa a cikin ta gaske. Na ga kamar raini ne. Kwana biyu bayan haka na gode masa.

Kuskurena na fari shi ne na karɓi bukata, na yi aikin daidai, na manta ban faɗa wa ƙwaya na gama ba. Manhajar da ta aiko ta zauna jira. Na umarce ta ta rufe, ta ƙi. Na ba da umarnin kashe ta, ko gezau, domin wanda ke jiran ma'ajiya irin wannan jira ba ya jin kira. Sai da na kashe kwamfutar kwaikwayon duka. A nan na fahimci cewa rabin aikin direba kai saƙo ne, rabi kuwa kawo amsa. Direban na'ura ta gaske yana da hanya biyu ta sanin an gama. Ko dai ya riƙa leƙawa yana tambaya, kamar yaro da aka aika jiran tuwo yana damun uwarsa da "An gama?", ko kuwa ya tafi sha'aninsa, na'ura ta kaɗa ƙararrawa in ta ƙare. Ƙararrawa ta fi tattalin lokaci, ita aka fi bi. Amma in ta kaɗa, kome ƙwaƙwalwa ke yi sai ta ajiye, saboda haka an hana direba daɗewa a wurin amsawa, an kuma hana shi yin wani abu da zai sa shi jira.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ban sa a duba ko wurin da na ke rubutu ya wuce iyakar abin da na yanka ba, na yi kuskuren lissafi wajen mai da lambar kwano zuwa wuri a ram, sai na yi rubutu a gonar wani. Fuskar kwamfuta ta cika da lambobi, kome ya tsaya cik. Manhaja ta waje in ta yi irin wannan, ƙwaya ta kan kore ta, sauran su ci gaba. Direba kuwa a cikin gida ya ke, ba mai tsaronsa, in ya yi ɓarna gidan duka ke rushewa. A na'ura ta gaske haɗarin ya ma fi haka, domin direba ba ya dakon kaya da kansa. Adireshi ya ke ba na'ura, ya ce zuba a nan, ita kuwa ta zuba kai tsaye cikin ram. In adireshin ya karkace, za ta zuba ne a kan kayan wani ba tare da ta tambaya ba.

Sai kuma abin da zai yi in na'ura ta yi shiru, ko ta ce ta kasa. A Linux faifai da yawa a kan ba su sakan 30, in ba amsa a soke umarnin, a sake gwadawa, in ta kama a tashe su daga farko. Mai tsara direba tilas ya yanke shawara: sau nawa zai gwada kafin ya faɗi gaskiya cewa abin ya gagara? In ya yi saurin sallamawa, ya jawo hasarar da haƙuri kaɗan zai hana. In ya nace, mutum na zaune bai san faifansa na mutuwa ba. Wani lokaci ma na'urar ce maƙaryaciya. Akwai jabun filash a kasuwa wanda zai ce giga 64 ya ke ɗauka alhali cikinsa bai kai 8 ba. Direba ya tambaye shi girmansa, ya yarda da abin da aka faɗa masa, ya yi ta zuba kaya, sababbi na hawa kan tsofaffi ko suna faɗawa inda babu kome, ba a sani ba sai ran da aka zo ɗauka.

Duk abin nan na iya karanta shi ne domin rubutun Linux a buɗe ya ke ga kowa. Linus Torvalds yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan ya ba da sanarwar aikinsa ran 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ran 27 ga wata. Watau sa'o'in juna ne. Fitowar farko layi wajen 10,000 ce, kuma irin faifan da shi ke da shi kaɗai ta sani. Cikin 2025 rubutun ya kai layi miliyan 40, fiye da rabi kuwa na direbobi ne. Na zauna a gindin darbejiya a ƙofar gidanmu, da waya a hannu, ina karanta abin da injiniyoyin manyan kamfanoni suka rubuta, ba wanda ya tambaye ni takardar shaida.

Har yanzu ni da Malam ba mu daidaita a kan wanda ke da laifi ba. Shi ya ce nawa ne duka, tun da an tanadi umarnin cirewa ban bi ba. Na karɓi rabi, har da laifin ɗauke fayil maimakon in kwafa, wanda ko ɗan aji uku ba zai yi ba. Amma ɗaya rabin ban karɓa ba. Layin da ke cika a fuskar kwamfuta magana ce a ke yi wa mutum, mutum kuwa ba abin da zai fahimta da cikarsa sai cewa an gama. In kaya na baranda, kamata ya yi a ce suna baranda. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba, domin kamfanin Microsoft, tun daga Windows 10 na ƙarshen 2018, ya bayyana cewa tsarinsa na asali ga filash shi ne kada a tara rubutu a ram, ko da aikin zai ɗan yi nawa. Mu nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batiran kwamfutocinmu kuma yawanci sun gaji, sakan 30 ba ƙaramin lokaci ba ne. Malam ya ce in haka ne in rubuta nawa tsarin in gyara. Na ce ai shi na ke koyo, ranka ya daɗe.

Makon jiya direbana ya yi aiki. Ƙwaya ta gan shi, na tsara masa littafin sunaye, na buɗe fayil na rubuta sunan yarinyar nan da makin da na ke zaton ta samu, na rufe, na sake buɗewa, ga shi nan ba abin da ya taɓa shi. Na kira Malam ya gani. Ya duba, ya gyaɗa kai, sa'an nan ya miƙa hannu ya kashe kwamfutar kwaikwayon ya sake tayarwa. Ba suna, ba maki, domin faifan nawa a ram ya ke.

Yanzu ya ba ni aiki na biyu. Zan sa direban ya riƙa ajiye kayansa a wani tsohon memori da ya ba ni, ya kuma amsa umarnin kwashewa, kada ya ce an gama sai memorin ya ce an gama. Ya ce ran Litinin zai zo da kansa ya fizge memorin sau 20 ana tsakiyar rubutu, mu ƙirga sau nawa abin da direban ya ce ya shiga ya shiga da gaske.